Ranar da Yatsun Don Isidoro Suka Daina Jin Wuta

A garinmu, can yammacin filayen kiwo na Pampa inda jirgin ƙasa ya daina zuwa ya bar tasha ga tantabaru, in ka ji mutum ya ce "na kai wa tsoho," ba mai tambayarsa wane tsoho, ba kuma mai tambayar abin da ya kai. Kwanson harsashi ne, tsohon kuwa Don Isidoro Larrea. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana wannan aiki a wata rumfar kwano bayan gidansa. Maharbi ya harba, ya tsince kwanson tagullar da bindiga ta tofar, ya kawo masa, shi kuma ya mayar da shi harsashi sabo. Ba shi da gona, ba shi da shanu. Abin da ya tara a duniya magana ɗaya ce da kowa ke faɗa: harsashin da ya fito daga hannun Don Isidoro bai taɓa cutar da mai shi ba.

Ubansa mai kafa shingen waya ne a gonakin shanu, mutumin da turaku suka fi jin muryarsa bisa mutane. Isidoro yana da shekara goma sha biyar uban ya kai shi ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, ya damƙa shi ga wani maƙeri da ake kira Don Telmo, ya ce, "Ga shi nan. Ba shi da baki, amma yana da hannu." A nan ya koyi sassaƙa ƙarfe, ya koyi auna abin da bai kai kaurin gashi ba. Don Telmo kuwa maharbi ne ran Lahadi, kuma da yake albashin layin dogo ba ya sayen sabon harsashi kowane mako, shi yake cika nasa. Bai taɓa zaunar da Isidoro ya yi masa bayani ba. Shekara uku ya bar shi yana kallo, sannan wata rana ya miƙo masa kwanso ɗaya, ya nuna masa wuta da haɓa.

Da aka rufe ma'aikatar, abokan aikinsa suka watse, wasu Santa Rosa, wasu can bakin teku. Shi ya ƙi tafiya. Ya koma gyaran famfon iska a gonaki, dogayen nan da iska ke juyawa su jawo ruwa, da yamma kuma ya shiga rumfarsa. Matarsa, Doña Delfina, tana ɗinki a ɗakin gaba, shi yana nasa a baya, da haka suka rena 'ya'ya uku har suka aurar. Sannu a hankali famfon iska ya yi wa gwiwoyinsa tsawo, sai rumfar ta zama ita ce aikin.

Rumfar cike take da gwangwanayen alewar dankali, irin masu faɗin nan, jere a kan katako. Kowane gwangwani da sunan mai shi, a murfin kuma zane-zanen magagari, zane ɗaya harbi ɗaya. Ba ya yarda a gauraya kwanson wani da na wani, ko na bara da na bana. Wanda ya tsinto kwanso a filin harbi bai san asalinsa ba ya cusa cikin nasa, Don Isidoro zai zaro shi ya ajiye masa a tafin hannu ya ce, "Wannan baƙo ne. Mayar da shi gidan ubansa."

In ya ga mutum mai son sauraro ne, sai ya cika masa ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha, ya miƙa, ya fara. Kwanso yana da rai, in ji shi, kuma ransa a wuya yake. Duk harbi ɗaya wuta tana buɗa wuyan, duk cikawa ɗaya matsi yana tsuke shi ya koma yadda yake. A buɗa, a tsuke, a buɗa, a tsuke, sai tagullar ta gaji ta yi tauri, kamar wayar da ake lanƙwasawa ana miƙewa. Wuyan da ya yi tauri kuwa ba ya riƙon dalmar bakin harsashi da gaskiya. Wannan ya shaƙe ta, wancan ya sake ta, sai ka ga harbi ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, maharbi ya koma zagin iska. In aka ci gaba a haka, wata rana wuyan ya tsage, kwanso ya mutu.

Maganin abin wuta ce. Duk bayan harbi uku sai ya gasa wuyan ya yi laushi. Yakan riƙe gindin kwanso da yatsa biyu, babu awartaki babu safar hannu, ya sa bakinsa cikin harshen wata 'yar fitilar gas yana murzawa. Zafi yakan taso daga wuya ya gangaro. Da zarar ya taɓa yatsunsa sai ya saki, kwanso ya faɗa bokitin ruwa. Hikimar ke nan da ya gada wurin Don Telmo. Wuya ake so ya yi laushi, gindi kuwa dole ya zauna da taurinsa, don shi ke tare wuta kada ta dawo fuskar mai harbi. In gindi ya gasu, kwanson ya zama makashin mai shi. Yatsa kuma ba zai bari a kai nan ba, domin kafin tagulla ta ji jiki fata ta riga ta yi ƙara.

Saboda haka ba ya ko kallon kwanson in yana gashi. Yakan juya kai yana hira da baƙo, ko yana sauraron wasan ƙwallo a rediyo. "Ido maƙaryaci ne," haka yake cewa. "Yau rana, gobe gajimare. Yatsa kuwa kullum shi ne." Wani likitan haƙori ya taɓa zuwa daga birni da hoton wata na'ura mai ƙidaya daƙiƙa da kanta. Don Isidoro ya duba hoton da kyau, ya yaba, ya mayar masa, ya ce tasa na'urar uwarsa ce ta haife shi da ita.

Cikin duk masu gwangwani a rumfar, babu kamar Baldomero mahauci. Tare suka yi makaranta, tare aka kore su daga ƙungiyar mawaƙan coci. Baldomero yana harbi da tsohuwar bindigar soja da ya gada wurin ubansa, irin wadda samun harsashinta sai an sha wuya. Cikin kwanso sittin da uban ya saya, arba'in da huɗu ya bar masa. Shekara ashirin da shida suna zuwa hannun Don Isidoro suna komawa, kuma duka arba'in da huɗun suna nan da ransu, murfin gwangwanin har ya rasa wurin zane. Duk wanda ya shiga shagon nama sai ya ji wannan labari, ko da ƙashin kare ya je saya.

Ana saura kwana shida gasar harbi ta bikin gari, ran Litinin, Baldomero ya shigo da gwangwaninsa a hammata.

"Tsoho, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira in ga ranar da za ka sayar da nama mai laushi, sannan in tafi."

"Haƙora ne ba ka da su, ba laifin nama ba ne." Ya dire gwangwanin. "Ga marayun Baba. Ka lallaɓa su. Bana ni zan ci ragon gasar nan, in gayyace ka ka tsotsi ƙashi."

"In ka daina rufe ido lokacin harbi, ai da ka ci tun bara."

A ranar ya gasa su. Ya lura suna ɗan jimawa a wuta fiye da da, amma ya ɗora laifin a kan fitilar, ya ce sanyi ne ya rage mata ƙarfi. Dama tun bayan Ista yake ganin haka. Daga ruwa ya zuba su cikin gangar buntun shinkafa da yake goge su, suka fito suna sheƙi. Ran Laraba ya auna albarushi, ya zo dasa dalma. Ya ja mariƙin injin matsi, sai dalmar ta shige kamar an tura yatsa cikin man shanu. Kafaɗarsa ta ji wannan sauƙin, ya ɗan tsaya. Ya ja na biyu, haka. Zuciyarsa ta ce masa gashi ne ya yi kyau, shi kuma ya yarda, don shekara arba'in ba ta taɓa ba shi dalilin ƙin yarda ba. Ran Alhamis Baldomero ya zo ya ɗauka.

Ran Asabar da safe suna zaune a kicin. Doña Delfina ta ɗora buta a wuta ta juya tana yanka burodi. Da ruwa ya fara kuka, Don Isidoro ya tashi ya ɗauko butar, ya tsaya da ita a hannu yana ba ta labarin wani maƙwabci da dokinsa ya tsallake shinge. Ta juyo ta dube shi. Mariƙin butar nan waya ce zalla, ita kanta ba ta taɓa ɗaukarta ba sai da tsumma.

"Isidoro, ajiye butar nan."

Ya ajiye. Ta kamo hannunsa ta juya shi wajen taga. Ga jan layi ya kwanta a yatsunsa huɗu. A bakin babban yatsa da manuni kuma fatar ta yi fari ta ɗaɗe, tsohuwar ƙuna a kan tsohuwar ƙuna.

"Wannan na yaushe ne?"

"Man goge ƙarfe ne yake cin fata."

"Shekara nawa kana taɓa man nan bai ci ba?" Ta zaro allura daga gaban rigarta. "Juya kanka." Ya juya. Aka ɗan jima. "Ka ji?"

"Ai ba ki soma ba."

Ta nuna masa. Jini ya ɗan tsattsafo a bakin yatsan.

Tun bara likita ya gaya masa ciwon suga yakan cinye jin fata, ya fara da ƙafa. Shi kuwa ya riƙe zancen ƙafa, ya dinga duba takalminsa kowace safiya ko tsakuwa ta shiga, bai taɓa kawo hannu a ransa ba.

Ya zare hannunsa ya nufi rumfa. Ya kunna fitila, ya ɗauko wani kwanso nasa, ya sa a wuta. Wannan karon ya zuba masa ido. Ya ga wuyan ya sauya launi, ya ga launin ya sauko kafaɗa, ya wuce kafaɗa, ya kai ciki, yana ta gangarowa, yatsunsa kuwa shiru kamar na wani. Sai da ya ji ƙaurin fata sannan wani ɗan zafi ya iso daga nesa. Ya saki. Da ya tsamo shi ya sa awartaki kusa da gindi ya matsa, sai tagullar ta lotsa kamar gwangwanin madara.

Ya zauna a kan benci ya dubi katakon gwangwanaye. Tun Ista ya yi wa mutum bakwai gashi. Wasunsu sun riga sun harba kaɗan, Allah ya kiyaye. Sauran suna cikin aljihuna da akwatunan mota. Gobe da hantsi duk za su jeru a fili, kowa ya kwantar da kunci a kan bindiga, ido dab da inda wuta za ta fito in gindi ya fashe.

Doña Delfina ta shigo da man ƙuna ta zauna gefensa. Ya gaya mata komai, tana shafa masa tana ji.

"To ka bi su gida gida yau," in ji ta. "Kowa ka ja shi gefe."

"Baldomero ya tafi sayen shanu, daga can zai wuto fili. Biyu suna gonakin da ko waya ba ta shiga. Kuma kin san halinsu, wannan ya ara wa wancan biyar, wancan ya ba surukinsa goma. Ban san hannun da suka kai ba. Sai dai a faɗa a gaban kowa."

Ta naɗa masa ƙyalle a hannun. Can ta ce, "To ka ce albarushi ne ya jiƙe. Rufin nan dama yana yoyo, kowa ya sani. Su dawo da su, shi ke nan. Ba wanda zai zarge ka da ruwan sama."

Maganar ta shige shi. Hanya ce mai sauƙi, kuma sunansa zai fita babu tabo.

"In na ce albarushi," ya ce daga baya, "wani zai zubar da albarushin ya ajiye kwanson. Wata rana ya kai Santa Rosa a cika masa. Ciwon yana cikin tagullar, Delfina. Baldomero kuwa ko da wuƙa a wuya ba zai ba da na ubansa ba saboda ruwan sama."

"In ka faɗi gaskiya ba mai sake kawo maka ko ɗaya."

"Na sani."

"Shekara arba'in, tsoho."

"Na sani mana." Ya dubi hannunsa da ke naɗe. "Cewa suke yi nawa bai taɓa cutar da kowa ba. In na yi shiru, gobe ko jibi maganar ta zama ƙarya. In na yi magana, ta tsaya gaskiya, ni ne dai zan sauka."

Ta rufe man ƙunar ta tashi. Da yamma ta goge masa farar rigarsa ta zuwa coci.

Ran Lahadi bayan an fito coci, gari ya kwarara filin harbi da ke bayan tudun yashi. An kafa raguna a jikin ƙarafa kewaye da garwashi, hayaƙi yana bin iska, mata sun shimfiɗa tebura ƙarƙashin itatuwan kalden. Maharba wajen talatin suna ta buɗe jakunkuna. Baldomero ya iso da ƙurar hanya a hularsa, ya jera harsasansa a kan benci layi huɗu, yana goge kowanne da hannun riga.

Shugaban ƙungiya ya ɗaga ƙararrawa zai buga, sai ya ga Don Isidoro tsaye gabansa da farar riga, hannu a naɗe, ga bokiti babu komai a ciki.

"Don Isidoro, lafiya?"

"Ina neman magana kafin a harba ko ɗaya."

Mutumin da bai taɓa magana a taro ba, ko a bikin 'yarsa, sai kowa ya juyo. Ya ajiye bokitin, ya cire hula.

"Jama'a, yatsuna sun daina jin wuta. Jiya na gane. Duk kwanson da na gasa tun daga Ista na ƙona shi har gindi. Wanda ke da harsashi daga hannuna tun lokacin, ko nasa ne ko aro aka ba shi, kada ya harba. Ya kawo nan. Laifin ba na albarushi ba ne, ba na bindigar kowa ba ne, nawa ne." Ya kira sunayen mutum bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, na Baldomero a ƙarshe.

Ba wanda ya motsa. Kitse yana ɗiga a garwashi ana ji.

Baldomero ne ya fara magana, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kai tsoho, tsoro kake ji in ci rago. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, suna sheƙi kamar zoben amarya."

"Ba ni ɗaya."

"Ba na bayarwa."

"Baldo, ba ni ɗaya."

Ya miƙa masa. Don Isidoro ya kafa tsinin dalmar a kan benci, ya danna da tafin hannu, dannawar da ba za ta fasa ƙwai ba. Dalmar ta sulale ta nutse cikin wuya. Maharban da ke kusa suka dubi juna, don kowa ya san wuya mai lafiya ko da ƙarfi ba ya sakin dalma haka. Sannan ya zaro kwanso biyu marasa komai daga aljihu, da awartaki, ya miƙa wa Baldomero.

"Wannan na bara ne. Matsa gindinsa."

Baldomero ya matsa da hannun da ke karya haƙarƙarin saniya. Awartakin ya zame, ko alama.

"Wannan kuma jiya na gasa shi, yadda na gasa naka."

Ya matsa. Tagullar ta lotse tun kafin ya sa ƙarfi. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dubi layukan nan huɗu da ke kan benci.

"Duka?"

"Duka arba'in da huɗun. Na kashe maka su, Baldo. Ba ni da abin da zan ce."

Baldomero ya shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, ya tsaya da hannu a kan idonsa na dama, wanda yake saiti da shi. Sai ya sa hannu biyu ya kwashe harsasan, ya zuba a bokiti a hankali, kamar mai sa ƙwai a kwando. Da aka ga haka sai sauran suka taso. Wannan ya juye aljihu, wancan ya tafi mota ya dawo da akwati. Wani manomi da ba ya cikin bakwai ɗin ya kawo guda takwas, ya ce surukinsa ne ya ba shi, kuma da su ya yi niyyar fara harbi. Don Isidoro yana tsaye bai sunkuyar da kai ba, kowa ya kawo sai ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Ka yi haƙuri." Kafin a gama bokiti ya cika har ya yi tozo.

Aka yi gasa da waɗanda suka rage. Wani malamin makaranta ne ya ci ragon. Don Isidoro ya so ya ɗauki bokitinsa ya tafi gida, Doña Delfina ta riƙe masa hannun riga ta ce ba inda za shi, wanda ya yi abin kunya shi ke gudu.

Wurin cin nama aka rasa mai fara yi masa magana. Mutane suna wucewa su dafa kafaɗarsa su wuce. Sai ga Baldomero da wuƙa da katako, ya dire masa wani yanki na wajen ƙoda, ya zauna da ƙarfi har benci ya yi ƙara.

"Ci. Wannan ko jariri zai tauna."

Don Isidoro ya ci.

"Shekara ashirin da shida," in ji Baldomero. "A hannun wani da ba su kai biyar ba. Baba kansa goma sha shida kawai ya harba sau biyu suka tsage masa, shi ya sa ya tsorata ya ɓoye sauran." Ya kurɓi abin da ke kofinsa. "Akwai wani a Santa Rosa da ke da kwanson da ya fi nawa tsawo. An ce kana iya rage shi ya shiga bindigata."

"Ana iyawa. Amma sai an gasa wuya, kafin da bayan. Na rufe rumfa, Baldo."

"Wa ya ce?"

Don Isidoro ya ɗaga masa hannun da ke naɗe.

"Yatsu biyu ne suka mutu, ko har da kan?" Baldomero ya baza nasa hannuwan a kan tebur, manya, duk tabon wuƙa. "Ga goma nan. Ran Talata ba abin da suke yi sai sosa ciki."

"Waɗannan? Ai ƙafar saniya ta fi su ji."

"Gwada ka gani."

Bayan mako biyu, ran Talata, Baldomero ya sayo kwanso hamsin daga Santa Rosa, yana zaune a kan bencin rumfa da ɗaya a yatsa biyu, gumi yana bin wuyansa. Don Isidoro ya rufe taga ya rage haske, ya jawo kujera dab da fitilar, ya sa tabarau, abin da bai taɓa yi ba wurin gashi. Kwanso ya shiga wuta. Ko daƙiƙa uku ba a yi ba ya faɗa ruwa.

"Ka saki da wuri."

"Ya ƙone ni."

"Bai ƙone ka ba, gaisuwa ya yi maka. Ko launi bai sauya ba. Ɗauki wani."

"Kai da ba ka ji, ai ka faɗi haka."

"Murza shi, kada ka riƙe kamar kana jan kunnen jikanka. Murza. Haka. Kada ka dube ni, ni nake duban. Me kake ji?"

"Ɗumi."

"Ci gaba. Yanzu fa?"

"Ya fara cizo."

"Saki."

Ya tsamo shi ya kai kusa da tabarau. Launin ya sauko wuya, ya taɓa kafaɗa, ya tsaya cak a nan. Ya sa awartaki a gindi ya matsa, ko gezau. Ya ajiye shi gefe shi kaɗai.

"Ɗaya," in ji shi. "Saura arba'in da tara."

"Arba'in da tara? Da me zan yanka nama gobe?"

"Dama da gwiwar hannu kake yankawa, kowa ya sani. Ɗauki wani."

Ba kowa ne ya dawo ba. Biyu daga cikin bakwai ɗin sun koma sayen na kanti, ɗaya ya sayi na'ura. Amma kafin shekara ta zagayo gwangwani goma sha ɗaya ne a kan katako, kuma ƙa'idar rumfar ta zama sananniya har garuruwan maƙwabta: wanda zai kawo kwanso, ya taho da yatsunsa. Duk Talata za ka tarar da su a benci, manoma da direbobi, har da malamin makarantar nan, kowa yana jiran layinsa yana hura hannu. Don Isidoro yana gefen fitila, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon launi yana tambayar mai riƙo abin da ya ji.